Ƙaura Zuwa Gefen Birni: Gidaje Sun Iso, Gari Na Kan Hanya

Ranar Asabar ce da la'asar muka je ganin gidan, ni da wani abokina da kuɗin haya a tsakiyar birni ya isa. Titi fayau, cikin minti 25 muka isa. Gidan sabo fil, warin fenti bai gama fita ba, ledar da aka naɗe ƙofofi da ita ma ba a ɓare ba. Ɗaki uku da fili a baya, kuma abin da zai riƙa biya bai kai na ɗaki biyun da yake ciki ba. Dillalin ya zagaya da mu bayan gidan, ya miƙa hannu wajen wani fili da ciyawa ta cinye.

"Yallaɓai, nan makaranta za a yi. Can inda ka hango itacen nan kuma asibiti ne. Titin da muka biyo ma hannu biyu za a mai da shi."

"Yaushe?" in ji abokina.

"Ai kwanan nan, yallaɓai. Kai dai ka yi sauri, masu nema da yawa."

Ban ce ƙarya dillalin ya yi ba. Mai yiwuwa duk abin da ya lissafa yana nan a kan taswira, har da hatimin hukuma. Sai dai dokin mai baki ya fi gudu, kuma makarantar da ke kan taswira ba ta koyar da yaro karatu. Abokina gida ya saya a garin da bai gama zama gari ba, kuma kusan duk abin da ya same shi daga baya, mai daɗi da marar daɗi, daga nan ya samo asali.

Dalilin da ya sa irin waɗannan garuruwa ke kumbura a fili yake. Ƙasa a tsakiyar birni tsada gare ta, don kowa na son zama kusa da aiki da kasuwa, kuma gwargwadon nisanka gwargwadon araharta. Masanin tattalin arziki William Alonso ya tsara wannan a lissafi tun 1964: mai neman muhalli musaya yake yi, ya ba da lokacinsa da kuɗin motarsa, ya karɓi faɗin fili. Da zarar sabon titi ko layin dogo ya ratsa gonaki, sai gonakin su fita daga hannun manomi su koma na mai yanka fuloti. Haka aka yi a Levittown, gabas da birnin New York a Amurka, inda kamfanin William Levitt ya mai da gonakin dankali gidaje 17,447 tsakanin 1947 da 1951, har ta kai ana gama gida 30 a rana guda. Garin Frisco da ke arewa da Dallas a jihar Texas yana da mutum 33,714 a ƙidayar 2000, ya kai 116,989 a 2010, ya kai 200,509 a 2020. Wato jaririn da aka haifa can a 2000, kafin ya cika shekara 20 garin ya ninka kusan sau shida. Kuma abin bai kusa tsayawa ba. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma za su kai kashi 68 nan da 2050. Tsakiyar birane kuwa ta riga ta cika, sai gefe.

Abin da ba a cika faɗa wa mai ƙaura ba shi ne, gida da gari ba gudunsu ɗaya ba. Gida mai jari ne ke gina shi, ranar da ya sayar kuma ranar yake ganin ribarsa, don haka ba ya wasa: cikin 'yan watanni an ɗora rufi. Makaranta da asibiti da babban bututun ruwa da ofishin 'yan sanda da na kashe gobara kuwa yawanci na hukuma ne, ita kuma hukuma sai ta ga mutanen da idonta, ta ƙidaya su, ta sa su a kasafin kuɗi, a yi muhawara, sannan a ba da kwangila. Ba ta son gina aji don yaran da ba su zo ba, kar a ce ta zuba dukiyar jama'a a daji. Kuɗin aikin ma galibi daga harajin waɗanda suka riga suka tare za su fito. Ke nan ko da kowa mai gaskiya ne, babu ɓarawo ko ɗaya a cikin lamarin, sai an sami giɓi tsakanin isowar mutane da isowar abubuwan da ke mai da tarin gidaje gari. Gwargwadon saurin girman wuri, gwargwadon faɗin giɓin. Mai ƙaura a cikin wannan giɓi zai zauna, shekara biyar ne ko goma sha biyar.

Dubi Milton Keynes a Ingila. Gwamnati ce da kanta ta ayyana shi a 1967, tsakanin Landan da Birmingham, ta kafa masa hukumar raya gari ta musamman, aka zana tituna da unguwanni tun ba a aza bulo ɗaya ba. Duk da haka babbar tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar garin sai a 1982 aka buɗe ta, babban asibiti kuma sai 1984. Matar da ta tare da goyo a farkon shekarun 1970, ɗan nata ya shiga sakandare kafin garin ya sami babban asibiti. In haka ta faru a garin da aka zauna aka tsara da takarda da alƙalami, to ina ga wanda ya tsiro da kansa?

Amsar tana Gurugram, kudu maso yammacin Delhi a Indiya, wanda kafin 2016 ake kira Gurgaon. Kamfanoni masu zaman kansu suka kakkafa dogayen benaye, manyan kamfanonin duniya suka buɗe ofisoshi, kuɗi suka shigo, amma sai a 2008 garin ya sami hukumar birni tasa ta kansa. Sai kowane rukunin gidaje ya zama wata 'yar gwamnati: janaretonsa, rijiyar burtsatsensa, masu gadinsa, masu kwashe masa shara. A cikin katanga komai tsaf, a wajen katanga titi da lambatu sun zama marayu. A watan Yulin 2016 ruwan sama ya cika babban titin da ya haɗa garin da Delhi, mutane suka kwana a cikin motocinsu.

Ko inda hukuma ke gudu iya ƙarfinta, gudun kansa wahala ne ga mazauna. Hukumar ilimin Frisco babbar sakandare ɗaya gare ta har zuwa 2003. Zuwa 2022 ta kai 12. Wannan abin yabo ne, amma duk sabuwar makarantar da aka buɗe sai an sake raba unguwanni, a ce 'ya'yan layi kaza daga bana can za su koma. Iyayen da suka sayi gida saboda wata makaranta sai su wayi gari an ba su wata. A 2016 ma masu zaɓe a can suka ƙi amincewa da ƙarin haraji, dole aka ɗage buɗe sababbin makarantu huɗu da shekara guda. Gina aji abu ne guda, albashin malamin da zai tsaya a cikinsa kowace shekara wani abu ne daban.

Inda giɓin ya fi cizo dai shi ne hanya, don ita kullum ake hawanta. Bayan abokina ya tare da 'yan watanni na kwana gidansa wata Lahadi, muka fito tare ran Litinin ƙarfe shida da kwata, gari bai gama wayewa ba. Layinsu shiru. Muka shiga na gaba, motoci biyar a gabanmu. Kafin mu kai titin da ya fita daga unguwar, jajayen fitilun birki ne jere har inda ido ya tsaya. A motar da ke gefenmu wata yarinya ce sanye da kayan makaranta, ta jingina kai da gilashi tana barci, baki buɗe, jakarta a kan cinya. Gabanmu tifa ce maƙare da yashi, kowane motsi sai ta zubo mana ƙura. Abokina bai ce uffan ba, rediyo kawai ya ƙara wa murya. Minti 40 muka yi kafin mu hau babban titi. Tafiyar da muka yi a minti 25 ranar ganin gida, ran nan awa ɗaya da minti 20 ta ci.

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifar da wannan. Na farko yadda ake zana sababbin unguwanni, kamar itace: ƙananan layuka su zuba a reshe, rassa su zuba a gindi guda, gindin ya zuba a babban titi. Tsohon birni, duk cunkosonsa, lungu ya yi masa yawa, in nan ya toshe ka bi can. A sabuwar unguwa mota ɗaya ta mace a mahaɗa, kowa ya tsaya. Na biyu, aikin yi bai biyo mutane ba. Garin na kwana ne kawai, kowa da safe wuri ɗaya ya nufa a lokaci ɗaya, da yamma kuma a juyo tare. Hannun titi ɗaya a cushe, ɗayan wayam.

Mutum zai ce ai in aka faɗaɗa titin, kamar yadda dillali ya yi alkawari, shi ke nan. Za a sami sauƙi, amma na ɗan lokaci. A birnin Houston da ke jihar Texas an kashe kimanin dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa babban titin Katy, wanda ke kai mutane garuruwan yammacin birnin. Aka gama a 2008, a wasu wurare layin mota har 26 in an haɗa da na gefe. Cikin 'yan shekaru lokacin tafiya da safe da yamma ya sake hawa. Masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka yawan tuƙi na ƙaruwa kusan daidai da yawan manyan titunan da aka ƙara. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Titi ya yi sauƙi, sai gonakin da ke gaba da ku su zama kusa, sai a yanka su, sai masu su su biyo titin nan naku. Masanin kimiyya ɗan Italiya Cesare Marchetti ya lura a 1994 cewa tun zamanin tafiyar ƙafa ɗan Adam kimanin awa guda yake ware wa zirga-zirga a rana. In abin hawa ya ƙara gudu, ba lokacin yake ajiyewa ba, nisa yake ƙarawa. Faɗin titin da kake jira, shi ne zai kawo waɗanda za su cika shi.

Ka yi lissafin da kanka. Minti 45 zuwa, minti 45 dawowa, kwana 240 na aiki a shekara, ya kama awa 360. Kwana 15 ke nan cur, dare da rana, a zaune a mota. In ka auna da ranar aiki mai awa takwas, kwana 45 ne da ba wanda zai biya ka. Masana tattalin arziki Alois Stutzer da Bruno Frey sun bi bayanan mutanen Jamus na shekaru masu yawa, suka wallafa a 2008 cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi nuna rashin gamsuwa da rayuwarsu, alhali a ƙa'ida babban gida ko albashi mai tsoka ya kamata ya rama musu. Ni a ganina dalilin shi ne, faɗin falo ana sabawa da shi cikin 'yan makonni, cunkoso kuwa ba a sabawa da shi, don kullum da irin tasa fitinar: yau haɗari, gobe ruwa, jibi aikin kwalbati.

Sai kuɗi. Iyalin da mota ɗaya ke isarsu a cikin birni, ko ma babu motar sam, a gefen birni sukan tarar sai biyu, don in ɗaya ya fita da ita ɗayan ya zama fursuna: shago da nisa, makaranta da nisa, motar haya ba ta shigo ba tukuna, ita ma jira take mutane su yi yawa. An saba cewa kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Wata cibiyar bincike a Chicago ta ce wannan awo da sauransa, a haɗa muhalli da sufuri wuri ɗaya, kada su wuce kashi 45. Da wannan ma'auni unguwanni da yawa da ake wa kallon masu araha sai su fito a tsadarsu. Mai, taya, gyara, inshora, ba wanda ke rubuta su a allon tallan gida.

Ana iya yin abin a bisa wani tsari daban, kuma an yi. A Vällingby, yamma da Stockholm a Suwidin, jirgin ƙasa na cikin birni ya iso a 1952, aka buɗe tsakiyar garin da shagunansa a 1954, aka jera gidaje mafi yawa kusa da tashar. Masu tsarin sun so mutane su yi aiki a nan inda suke kwana, hakan bai cika yadda suka so ba, akasari Stockholm suka ci gaba da zuwa. Amma a jirgi suke zuwa, kuma jirgin ya riga su isowa. Irin wannan wuri kaɗan ne. In ka sami garin gefen birni da layin dogo ko motar haya mai hanyarta ta kanta ke aiki a yau, ka ba shi maki mai yawa, ko da gidan ya fi ƙanƙanta.

Ruwa kuma ta fuska biyu yake zuwa, yawansa da rashinsa. Gona shan ruwan sama take yi. Kwalta da siminti da rufin gida kuwa tunkuɗa shi suke gaba. Saboda haka gidan da bai taɓa ganin ambaliya ba bana, zai iya ganinta nan da shekara biyar ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwan sama ba, kawai don an gine tudun da ke sama da shi. Tambayar maƙwabci ko ruwa na shiga tana da amfani, amma labarin jiya zai ba ka. Sannan filin da ya daɗe ba a gina shi ba a kusa da birni, sau da yawa akwai dalili. Ruwa ba ya tsami banza. A yammacin Houston akwai madatsun ruwa biyu, Addicks da Barker, da aka gina a shekarun 1940. A bushe suke yawancin lokaci, sai an yi ruwa mai yawa su tare shi don kada ya afka wa birnin. Gwamnati ba ta sayi dukkan ƙasar da ruwan zai iya mamayewa ba, da gari ya faɗaɗa sai aka gina unguwanni a ciki. Da guguwar Harvey ta zo a Agustan 2017, dubban gidaje suka nutse, kuma da yawa daga masu su a ranar suka fara jin cewa a cikin kwarin tafki suke zaune.

Ta ɗaya fuskar, akwai Rio Verde Foothills a jihar Arizona, gidaje masu kyau a cikin hamada, a wajen iyakar birnin Scottsdale. Ɗaruruwansu da tankar ruwa suka dogara, tankokin kuma daga famfon Scottsdale suke ɗiba. Saboda fari, ranar 1 ga Janairun 2023 birnin ya rufe musu famfon, ya ce mutanensa ne a gaba. Aka yi watanni ana neman mafita. Mutanen nan suna da takardun gidajensu cikakku, abin da ba su da shi shi ne hukumar da doka ta ɗora wa alhakin ba su ruwa. Wannan batu na iyaka ana raina shi, alhali ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gari kan girma ya tsallake layin da aka shata wa hukumarsa, sai ka ga unguwa tana amsa sunan birni amma a takarda tana ƙarƙashin wata ƙaramar hukumar karkara da aka kafa don kula da ƙauyuka, ba ta da ma'aikata ko kuɗin ɗaukar dubban sababbin gidaje.

To wa ke biyan kuɗin abubuwan da aka samu? Kai ne, ko ka sani ko ba ka sani ba. A Texas mai gina unguwa kan sa a kafa wata gunduma ta musamman da za ta ci bashi a shimfiɗa bututun ruwa da lambatu, masu sayen gidajen kuma su yi shekaru suna biyan bashin ta hanyar ƙarin haraji. A Ingila akwai sababbin unguwanni da yawa da ƙaramar hukuma ba ta karɓi titunansu da filayen wasansu ba, sai mazauna su biya harajin hukuma kamar kowa, su kuma biya wani kamfani kuɗin kula da unguwa duk shekara. Sunan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kusan ko'ina akwai wani kuɗi da ke biyo gidan bayan na saye, kuma ba a cika ɗaga murya wajen faɗarsa ba. Wani injiniya Ba'amurke, Charles Marohn, ya daɗe yana jan hankali kan abin da ke zuwa daga baya. Yayin da gari ke girma komai sabo ne, ba abin da ke neman gyara, kuɗin sababbin gine-gine na shigowa, hukuma sai ta ji kamar mai arziki ce. Bayan shekara 25 zuwa 30 tituna da bututun da aka shimfiɗa lokaci guda sai su tsufa lokaci guda, kuma tunda gidajen a warwatse suke, kowane gida yana ɗauke da titi da bututu mai tsawon da harajinsa ba zai iya sabuntawa ba. Ba kowane masani ne ya yarda abin ya kai yadda yake faɗa ba, amma ni ban ga inda lissafin ya karkace ba.

Girman kuma yana iya tsayawa cak. A Seseña, kudu da Madrid a Sifaniya, an tsara gidaje sama da 13,000 a fili guda, sai kasuwar gidaje ta rushe a 2008, aka bar waɗanda suka riga suka tare a tsakiyar benaye marasa kowa. Kilamba, kimanin kilomita 30 daga Luanda a Angola, kusan wayam yake a 2012 don farashin ya fi ƙarfin jama'a, sai da gwamnati ta karya farashin a 2013 mutane suka cika garin. Ko ba a kai ga haka ba, wanda ya sayi gida da nufin sayarwa nan kusa ya tuna cewa muddin magina na aiki a layin gaba, gidansa mai shekara uku da sabo fil yake takara. Wanda kuma ya biya tun gini na kan takarda, kifi ya saya a ruwa.

Kada a ɗauka ina hana kowa ƙaura. Da ba riba da mutane ba su yi ta tururuwa ba, kuma ba wawaye ba ne. Yara na samun wurin gudu, iska ta fi tsabta, wayar lantarki da famfon cikin gida sababbi ne. Mai sana'a kuwa babu inda ya fi masa: dubban iyalai sun sauka, babu mai aski, babu mai gyaran mota, babu kantin magani, babu wurin renon yara, wanda ya fara buɗewa shi ke da kasuwa. Wanda aikinsa ta intanet yake, ko a cikin garin kansa, ya tsallake mafi munin abin da na lissafa, araha ta zama tasa ta gaske. Akwai kuma wani abu da tsohuwar unguwa ba ta bayarwa: kowa baƙo ne. Ba wanda zai ce maka kakansa ne ya sari wurin. Ƙungiyar mazauna, kwamitin makaranta, kujerar kansila, duk a buɗe suke, kuma a irin wannan gari mutum goma da ke zuwa taro ba fashi suna iya sa a kawo fitilar titi.

Sai dai baƙuntar nan kaifi biyu gare ta. Da Ingila ta gina sababbin garuruwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta kwaso mutane daga cunkoson Landan, likitoci da 'yan jarida sun yi ta maganar wani ƙunci da ke kama sababbin mazauna, musamman matan da ke wuni gida da ƙananan yara, nesa da iyaye da 'yan'uwa da ƙawayen da suka taso tare. Gidan ya fi na da kyau nesa ba kusa ba, amma ba ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Masanin zamantakewa Robert Putnam ya ƙiyasta cewa duk ƙarin minti 10 a tafiyar aiki na rage shiga harkokin jama'a da kusan kashi 10 cikin 100. Wanda ya fita da duhu ya dawo da duhu, yaushe zai san sunan maƙwabcinsa? Nauyin kuma ba a raba shi daidai a cikin gida. Mai fita aiki gajiya ce tasa. Wanda aka bari, da tsoho da ba ya tuƙi, da matashin da ba inda zai je da ƙafa, su ne ke zaman garin na haƙiƙa, kuma su ne ba a cika tambaya ba ranar yanke shawara.

Da ni ne zan sake raka wani, ba zan yarda mu je ran Asabar ba. Ran Litinin da asuba za mu je, mu fito daga ƙofar gidan a lokacin da zai riƙa fita, mu kuma koma washegarin ruwa mai ƙarfi mu ga inda ya kwanta. Zan sa shi ya shiga makarantar da ke aiki yanzu ya tambayi yara nawa ne a aji, ya auna nisan asibitin da ke karɓar marar lafiya da tsakar dare. Zan ce ya je ofishin tsara gari da ƙafarsa, don zuwa da kai ya fi saƙo, ya nemi a nuna masa abin da aka amince a gina a kowane fili da ke kewaye da gidan, ya kuma bambance aikin da aka ware wa kuɗi da wanda aka zana kawai. In da hali, ya kama haya shekara guda kafin ya saya, ya ga rani ya ga damina. Duk abin da babu shi a ƙasa yau, ya yi lissafinsa kamar ba zai zo ba sai yaransa sun girma. In lissafin ya fita a haka, ya tare da ƙarfin gwiwa.

Abokina yanzu shekararsa huɗu a can. An faɗaɗa titin, an sami sauƙi kusan shekara guda, yanzu ƙarfe shida saura kwata yake fita. Makarantar an gina ta, ba a filin da dillali ya nuna ba, a wani can gaba, kuma tun shekarar farko ta cika. Asibiti shiru. Matarsa ta buɗe wurin renon yara a ɗakin gaba, har tana mai da wasu don ba wuri. Shi ne ma'ajin ƙungiyar mazauna layinsu, ya san kowa, kowa ya san shi, abin da bai taɓa samu ba a shekara goma da ya yi a tsakiyar birni.

Zuwana na ƙarshe ya ja ni bayan gida, wurin da dillali ya tsaya ran nan. Ciyawar babu ita. An kakkafa fegi jere, kowanne da jan ƙyalle a kai, katafila na ta nishi a can ƙarshe.

"Gida ɗari huɗu za su yi," ya ce, ransa a ɓace. "Ɗari huɗu fa, malam! Duk ta titin nan namu za su bi. Mun rubuta takardar ƙorafi, jibi za mu kai. Mutane sun yi yawa a garin nan."

Muna tsaye sai ga wata mota ta faka a bakin filin. Mutum uku suka fito, mata da miji da wani mai riƙe da takardu. Mai takardun ya miƙa hannu yana nuna musu wani wuri can gaba, inda gonaki suka fara.